Muhammadu Kanta, Sarkin da Ba Mu da Hotonsa

A zangon karatun da ya wuce ne Ƙungiyar Tarihi ta makarantarmu ta shirya mana ziyara zuwa Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu. Tun da muka dawo nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin mutumin da aka sa wa wannan gida sunansa, watau Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi shekara ɗari biyar da suka wuce. Amma kafin in shiga tarihinsa, bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Daren da za mu tafi, bayan sallar isha'i, malaminmu na tarihi ya tara mu a aji don ya yi mana bayanin abin da za mu gani. Cikin bayanin nasa sai ya fito da wayarsa ya nuna mana hoton wani Sarkin Ingila mai suna Henry na Takwas, wanda ya yi sarauta daga 1509 zuwa 1547. Ƙaton mutum ne mai faɗin kafaɗa da jan gemu, ya sha ado har ya gaji. Malam ya ce hannu ne ya zana shi, don a wancan zamani ba a ƙago na'urar ɗaukar hoto ba. Asalin zanen aikin wani gwani ne Bajamushe, Hans Holbein, wanda ya yi wa sarkin aiki har ya rasu a Landan cikin 1543. Ya zana sarkin, ya zana wasu daga cikin matansa da fadawansa. Gidan sarautar Ingila ya adana da yawa daga cikin waɗannan zane-zane, har a 2023 aka baje su a zauren nuni na Fadar Bakingham, mutane suka riƙa biyan kuɗi suna shiga kallo. Sa'an nan Malam ya ce mu lura da kyau, wannan sarki da Kanta zamaninsu ɗaya.

Da jin haka sai na sa a raina cewa lalle gobe zan ga fuskar Kanta. Na kwana ina ƙiyasta shi, ko dogo ne ko gajere, ko yana da gemu, ko kuwa yana da tsagen Kabawa a kumatu irin na kakana.

Gari na wayewa muka hau mota daga Birnin Kebbi, kafin rana ta yi zafi mun isa Argungu. Gidan yana kusa da babbar kasuwa. Tsohuwar fadar Sarakunan Kabi ce, a ciki suka zauna har 1942 sa'ad da aka koma sabuwar fada, daga baya kuma a 1958 aka buɗe shi ya zama gidan tarihi. An kasa shi sassa goma sha ɗaya. Mun ga masu da takubba, da kwari da baka, da bindigogi irin na da, da layu, da manyan gangunan sarauta. A cikin gidan ne kuma ake binne Sarakunan Argungu, saboda haka muka tsaya muka yi musu addu'a.

Da muka kusa gama zagaye sai na kasa haƙuri, na tambayi jami'in da ke yi mana bayani ko akwai wani zanen fuskar Kanta da aka yi tun yana da rai. Ya yi murmushi ya ce babu, kuma ba a gidan nan kaɗai ba, duk duniya babu. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Malam ya lura da ni, a kan hanyar komawa ya yi mini bayani cewa zana fuskar sarki ba al'adarmu ba ce. Turawa suna da masu zane, mutanen Bini a kudancin ƙasar nan suna zuba kawunan sarakunansu da tagulla, mu kuwa namu sarakunan makaɗa da maroƙa da malamai masu tawada ne suka adana su. Ya ce in ina son ganin Kanta, in neme shi a wuri uku. Na farko littafin Tarihus Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi, malamin birnin Tambutu na ƙasar Mali ta yau, ya rubuta wajen 1655. Na biyu Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda ya rubuta a 1812 kafin ya zama Sarkin Musulmi. Na uku kuwa bakin tsofaffin Kabi. Abin da ke biye shi ne abin da na tattara da taimakon Malam, da kuma kakana lokacin hutu.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

Tsofaffin Kabi sun ce uban Kanta, mai suna Makata, daga gabas ya fito, ya zauna a ƙasar Katsina wajen Kuyambana. Ya sami girma a wurin Sarkin Katsina har aka ba shi 'yar sarki, Tamatu, ya aura. Ita ce ta haifi Kanta. Sunansa na yanka Muhammadu, ana kuma ce masa Kotal. Da uban ya rasu sai aka tsallake shi aka ba wani sarautar gidansu. Wannan abu ya ɓata masa rai ƙwarai, ya tattara nasa ya nasa ya bar gida, ya nufi yamma.

A daji ya zauna tare da Fulani makiyaya yana kiwon shanu. Wasu littattafai sun ce bawansu ne, amma Kabawa ba su yarda da wannan ba ko kaɗan, sun ce ɗan sarauta ne da fushi ya fitar daga gida. Ko wanne ne gaskiya, kowa ya yarda cewa bai gaji gari ba, bai gaji runduna ba. Da ƙarfin damtsensa ya fara. An ce ya shahara a dambe da kokawa, duk fagen da ya shiga sai ya ga bayan abokin karawarsa, har sunansa ya cika rugage da ƙauyuka. Samari majiya ƙarfi suka riƙa binsa, wanda ba shi da uban gida ya sami uban gida, wanda aka kora daga garinsu ya sami mafaka. Da haka ya tara jama'a har ya sauka a kwarin Gulbin Kabi, ya zama mai mulkin garin Leka. Shi ya sa har yau ake kiran gidan sarautar Kabi da sunan Lekawa.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san Kanta ya iya zaɓen wurin zama. Ga fadama mai faɗi wadda ke ba da shinkafa, ga kifi a gulbi, ga ciyawar dabbobi har cikin rani. Mutanen da ke da abinci ba su saurin miƙa wuya ga mai kewaye su da yaƙi. Bugu da ƙari, in damina ta sauka gulbi ya cika ya batse, dokin baƙo ba ya iya ratsa taɓo, alhali kuwa ɗan gari yana yawonsa cikin kwalekwale. Har ila yau ƙasar tana tsakanin manyan biranen Hausa a gabas da daular Songai a yamma, saboda haka fatake ba su da hanyar da ta wuce ta nan.

RABON GANIMA

A wancan zamani babu daular da ta kai Songai ƙarfi a duk yammacin ƙasar Sudan. Babban birninta Gawo yana bakin Kogin Kwara, sarkinta kuwa shi ne Askiya Muhammadu, wanda ya hau gadon sarauta a 1493, ya kuma yi aikin Hajji bayan 'yan shekaru kaɗan. Kanta yana cikin masu bin sa. Da Askiya ya ɗaura yaƙi da Sarkin Agadas na ƙasar Azbin wajen 1515, Kanta ya fita da mutanensa ya taya shi. Aka ci nasara, aka kwaso dukiya mai yawa.

A kan hanyar dawowa, cikin 1516, aka raba ganima ba a ba Kanta komai ba. Littafin Tambutu ya ce Kanta ya kai maganar wurin babban hakimin Askiya mai riƙe da ƙasar Dandi, wanda ake kira Dandi-fari, shi kuwa ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya tayar da ita. Kanta ya yi shiru ya koma. Amma mutanensa suka ƙi yarda, don da jininsu aka samo dukiyar. Suka matsa masa ya sake komawa, ya koma, aka sake hana shi. Nan fa Kanta ya ga cewa abin da aka yi masa a gidan ubansa shi ne ake so a maimaita masa a gaban jama'arsa. Ya yi tawaye. Aka gwabza yaƙi mai tsanani, rundunar Askiya ta kasa karya shi. Da shekara ta kewayo, a 1517, Askiya ya sake ɗauro masa yaƙi, nan ma ya koma hannu banza. Daga wannan lokaci Kabi ta zama ƙasa mai cin gashin kanta.

Songai ba ta haƙura ba. Wani Askiya mai suna Muhammadu Bankana, wanda ya yi sarauta daga 1531 zuwa 1537, ya zo da runduna, suka haɗu da Kanta a wani wuri da ake kira Wantarmasa. Kanta ya fatattake su, sarkin da kansa da ƙyar ya sha. Akwai wani abin dariya da Sa'adi ya rubuta game da wannan yaƙi. Ya ce abin da ya fi damun Askiyan bayan an kore shi shi ne tunanin irin tseguminsa da masu zaman hira za su yi a bayan Masallacin Sankore na Tambutu in labari ya isa can. Ashe tsoron bakin mutane ba yau aka fara shi ba, kuma bai bar sarakuna ba.

A zamanin Askiya Dawuda, wanda ya hau a 1549, an sake samun saɓani tsakanin ƙasashen biyu cikin 1552, amma a 1553 aka yi sulhu. Ku duba fa, mutumin da aka raina a wurin rabon ganima, shi ne Songai ta zauna ta yi sulhu da shi kamar yadda sarki ke yi da sarki ɗan'uwansa.

BIRNIN SURAME

Kanta ya san cewa wanda ya tsokano manya dole ya gyara katangarsa. Ya gina manyan birane masu ganuwa, waɗanda suka fi shahara su ne Surame da Gungu da Leka. Surame ita ce babban birninsa. Yawancin biranen Hausa da ƙasa zalla aka yi ganuwarsu, amma ta Surame an haɗa da duwatsu, shi ya sa har yanzu sauranta yana tsaye a daji.

Tsofaffi suna da labarai da yawa game da wannan gini. An ce kowace ƙasa da ke ƙarƙashinsa sai da aka yanka mata nata rabon ganuwar. An ce ya sa Azbinawa su riƙa ɗauko ruwa a kan raƙuma daga can nesa, alhali ga gulbi kusa. An ce Nufawa sun makara ba su zo kan lokaci ba, sai ya ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya maimakon ruwa. An kuma ce yana da wani jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake shiga ya zaga garuruwansa in gulbi ya kawo. Mai yiwuwa baki ya ƙara wa waɗannan labarai gishiri cikin shekaru ɗari biyar, amma duka suna nuna abu biyu: Kanta yana da iko mai yawa, kuma hannunsa yana da nauyi a kan waɗanda ya mallaka.

Muhammadu Bello ya rubuta cewa ikon Kanta ya kai Katsina da Kano da Gobir da Zazzau da Azbin, har da wani yanki na Songai. Ya nuna cewa a ƙasashen nan ba a yi daular da ta kai Kabi ƙarfi ba. Ya kuma ce kangayen biranen Kanta, ko da yake a lokacinsa sun yi wajen shekara ɗari da rushewa, sun fi duk waɗanda ya taɓa gani. Wannan shaida tana da nauyi, domin wanda ya ba da ita yana cikin shugabannin jihadin da suka yaƙi Kabi. Yabon da ya fito daga bakin abokin karawa ya fi na maroƙin gida tabbata.

A nan ne nake da ɗan ƙorafi. Tun muna firamare ake koya mana Hausa Bakwai da Banza Bakwai, a sa Kabi cikin kashi na biyu tare da Zamfara da Yawuri da Nupe da sauransu. Yaro yakan haddace wannan jeri ya ci jarrabawa, ya tashi da zaton ƙasarsu ba ta taɓa zama komai ba. Da za a riƙa haɗa masa da labarin Surame da Wantarmasa, da ya san cewa sunan da aka laƙaba wa ƙasa daban, aikin da ta yi a tarihi kuma daban.

YAƘIN BARNO DA RASUWARSA

Ƙarfin Kabi ya tayar da hankalin Barno, wadda ita ce babbar daular gabas. Mai Ali, Sarkin Barno, ya taso da runduna mai yawa, ya biyo ta arewacin Daura da Katsina har ya iso Surame ya yi mata zobe. Aka daɗe ana fafatawa, mutanen birni suka ragu ƙwarai.

A nan ne tsofaffi ke ba da labarin dariyar Surame. An ce da Kanta ya ga mayaƙansa sun yi kaɗan, sai ya sa aka ɗauko gawawwakin waɗanda aka kashe, aka jingina su a kan ganuwa da makamansu, aka tsaga musu baki. Da Barebari suka hango daga nesa sai suka ga ganuwa cike da mutane, kowa ya washe haƙora kamar yana yi musu dariya, dare da rana ba su gajiya. Gwiwarsu ta yi sanyi, suka kwashe sansani suka juya. Sa'ad da kakana ya ba ni wannan labari sai da tsigar jikina ta tashi, don dabara ce mai ban mamaki, kuma mai ban tsoro.

Kanta bai bar su sun tafi haka nan ba. Ya tara runduna ya bi sawunsu har Nguru, wadda ke cikin Jihar Yobe a yau, ya yi ta karawa da su yana cin nasara, ya kwashi ganima mai yawa. Wanda ya duba taswira ya ga nisan da ke tsakanin Gulbin Kabi da Nguru zai san irin ƙarfin halin mutanen da suka yi wannan tafiya a kan doki da ƙafa.

A kan hanyarsa ta komawa gida ya iso wani wuri da ake kira Dugul a ƙasar Katsina. Mutanen wurin sun yi masa tawaye, saboda haka ya tsaya ya yaƙe su. Cikin wannan yaƙi ne kibiya ta same shi. Aka ɗauke shi aka ci gaba da tafiya, da aka iso Jirwa rai ya yi halinsa. Mutanensa suka ɗauko gawarsa suka kawo Surame aka binne shi. An ce sun yi ta gina kaburbura a kan hanya don kada abokan gaba su gane inda yake kwance. Littafin Tambutu ya sa rasuwarsa a 1556, jerin Sarakunan Kabi kuwa ya kai ta 1561. Ɗansa Ahmadu ne ya gaje shi.

Mutumin da Askiya uku suka kasa, Mai na Barno ya kasa, kibiya guda ta wani maharbi wanda ko sunansa ba a riƙe ba ita ce ta yi ajalinsa, kuma a ƙasar da aka ce ita ce ta kakanninsa na wajen uwa. Mulki na Allah ne.

BAYAN KANTA

Ginin da Kanta ya yi bai rushe da mutuwarsa ba. A 1591 sojojin Maroko suka karya Songai a yaƙin Tondibi, amma Kabi ta tsaya da ƙafarta. Har Sarkin Maroko Ahmadul Mansur ya rubuto wa Sarkin Kabi Dawuda wasiƙa yana yi masa barazana saboda yana taimakon mutanen Songai da suka ƙi miƙa wuya. Watau waɗanda suka hana Kanta rabonsa, jikokinsu sun zo suna neman inuwa a gidansa.

Wajen 1700 Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame ya koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin. Gidan Kanta bai mutu ba, ya koma Argungu. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya daɗe a tsare, amma a 1849 ya dawo ya sake ɗaga tutar Kabawa. Aka yi ta yaƙi tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato shekara da shekaru. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka shirya masa babban kamun kifi don girmamawa, wannan ya zama alamar cewa gaba ta ƙare. Daga nan ne bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo siffar da duniya ta san shi da ita, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Da aka ƙirƙiro jiharmu a 1991, sunan daular Kanta aka ba ta, aka kuma sa hedkwatarta a Birnin Kebbi, inda fadar Sarkin Gwandu take.

A makarantarmu akwai 'yan Argungu, akwai 'yan Gwandu da Jega, akwai 'yan Yawuri da Zuru. Ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci. Wani lokaci akan yi ba'a a kan wanda kakansa ya kori kakan wani, a yi dariya a tashi. Amma duk wanda aka tambaya jiharsu, sunan Kabi zai faɗa. Saboda haka Kanta namu ne duka.

ABIN DA NA GANI

Na tafi Argungu neman fuska ban same ta ba, amma yanzu ban cika jin haushi ba. Mai zanen da sarki ke biya dole ya fito da sarki yadda sarki ke so. Labarin Kanta kuwa ya zo mana ta hannun mutanen Songai da ya yaƙa, da ta hannun Muhammadu Bello, da ta bakin jikokinsa, saboda haka mun ga kyansa mun kuma ga muninsa. Mun ga yaron da aka tsallake bai zauna yana kuka ba. Mun ga shugaban da ya saurari mutanensa ya ƙi yarda a cinye musu haƙƙi. Mun ga mai dabara wanda ya san amfanin gulbi da dutse. Mun kuma ga cewa da iko ya zo hannunsa, shi ma ya ɗora wa waɗansu nauyin da ya sa suka yi masa tawaye, kamar yadda shi ya yi wa Askiya, kuma ta hannun irin waɗannan ne ajalinsa ya zo.

Wannan ya sa ni tunani a kan kanmu, mu 'yan aji biyar. Ba mu manta da shekarar da muka shigo ba, lokacin da muke ɗebo wa manya ruwa, muke wanke musu kaya, wani lokaci a ci naman da ke cikin kwanonmu muna kallo. A lokacin mun sha rantsuwa cewa in mun girma ba za mu yi wa kowa haka ba. To, ga shi baɗi in Allah ya kai mu a cikinmu za a zaɓi shugabannin ɗalibai. Ƙin yarda a zalunce ka abu ne mai kyau, amma ya fi sauƙi a kan ka ƙi zaluntar wanda ke ƙarƙashinka. Ina roƙon 'yan ajinmu mu tuna da rabon ganimar Agadas, mu kuma tuna da kibiyar Dugul.

Ga iyayenmu kuma ina da roƙo. Turawa sun rufe zanen sarakunansu cikin gilashi, sun sa masu gadi. Namu tarihin yana cikin ƙirjin tsofaffi, kuma kullum ana binne su da shi. Kangon Surame, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato, tun 1964 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, amma a cikin ajinmu da Malam ya tambaya, ba wanda ya taɓa zuwa, har da ni. Da yawa daga cikinmu ma ba su taɓa shiga gidan tarihin Argungu ba sai ran nan, ko da yake sun sha zuwa kallon kamun kifi. Don Allah iyaye ku riƙa kai mu waɗannan wurare lokacin hutu, ku bar mu mu zauna da kakanni. Mu kuma ɗalibai mu riƙa tafiya da littafi da alƙalami, duk abin da tsoho ya faɗa mu rubuta, mu kawo wa wannan mujalla. Abin da aka rubuta ya fi abin da aka riƙe a ka daɗewa.

Allah ya ji ƙan Muhammadu Kanta da sauran magabatanmu, ya gafarta musu kurakuransu. Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani, amin.